Hular Yatsan Goggo

Shekara arba'in Goggo, ƙanwar babana, tana ɗinkin bargo da hannu, ba ta taɓa sa hular yatsa ba, 'yar hular ƙarfen nan da ake tura allura da ita. Cewa take kantar da yatsanta na tsakiya ya yi ta fi ƙarfe.

Sai ciwon suga ya kama ta. Likita ya ce ciwon na kashe jin zafi a yatsu, kuma ƙaramin rauni na iya ƙin warkewa, har a yanke yatsa. Ran nan na tarar da ita tana ɗinki, ga jini ɗigo-ɗigo a farin ƙyalle. Gindin allura ya huda kantar, ita ko ba ta ji ba.

Na sayo hular, na cusa mata da faɗa. "Goggo, ko ki sa, ko in kwashe alluran nan."

Ta ce, "To, 'yar nan, na sa."

Sati guda ina leƙawa, kullum hular na ƙyalli a hannunta. A rana ta takwas na zauna kusa da ita na lura. Yatsan mai hula a ɗage yake, ba ya taɓa komai. Da na kusa da shi take tura allurar.

Na juya hannunta. Huda uku, ɗaya har ta kumbura.

Ta ce, "Me kika gani? Ni ban ji komai ba."