Bukar Tela da Rigar da Na Yi wa Dariya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Bukar Tela makwancinsa a Kademi. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Kafin in yi nisa, bari in sauƙaƙa wa mai karatu: kowane labari da wawansa, na wannan kuwa ni ne. Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma ba zan ɗora wa makaranta laifi ba, don ko jami'a na je, da bakin nan nawa zan je.

Bukar Babarbare ne, kakanninsa suka zo daga gabas suka zauna, ni kuwa Bafillace, saboda haka tsiya tsakaninmu gado ce. Rumfarsa tana bakin kasuwar Gaya: keken ɗinki ɗaya, almakashi ɗaya, da benci wanda na fi masu kawo ɗinki zama a kansa. A zamanin nan teloli ba su cika wahalar da kansu da awo ba. A dube ka sama da ƙasa a yanka, in riga ta yi maka yawa a ce ai za ka yi ƙiba. Shi kuwa Bukar sai ya auna ka, ya tambayi sana'arka, ya ji ko keke kake hawa ko zaman rumfa kake, sannan ya zana fasalin rigarka a takardar buhun siminti, ya rubuta sunanka da ajami, ya ajiye a adaka. Nakan tambaye shi ko tela ne shi ko alƙali. Yakan ce Allah bai halicci jiki biyu iri ɗaya ba, don me shi zai yanka riga biyu iri ɗaya.

Ga shi da karambani. Sai ya ɗauko surfani irin na danginsa ya ɗora a wuyan jamfa, ko ya yanko saƙin Fulani ya yi wa atamfa baki. Na ce masa wannan ba ɗinki ba ne, fate ne. Yau faten nan ne 'yan mata ke nunawa a waya suna cewa sabon yayi daga Kano.

To, amma babban zunubina a kan rigar Ɗanjuma yake. Ɗanjuma manomi ne daga Gafasa, injin ɓarar gyaɗa ya cinye masa hannun dama yana magidanci. Bukar ya lura da abin da mu duka muka kauce wa gani: mai hannu ɗaya ba ya iya ɗaure mazagin wando, kuma zura kaftani ta ka kokawa ce. Sai ya ɗinka masa kaftani mai buɗewa ta gaba tun daga wuya har ƙasa, ya ɓoye maɓallan a ƙarƙashin aiki. Ya mai da aljihu hagu, ya faɗaɗa hannun rigar yadda zai zame da kansa wajen alwala, wando kuwa ya sa masa roba.

Ranar kasuwa Ɗanjuma ya zo karɓa, rumfa cike. Ina ganin an buɗe riga ta gaba sai na ce, "Bukar, yaushe Ɗanjuma ya haihu? Ai wannan rigar masu jego ce." Aka yi ta dariya, har da masu riƙe ciki. Ni a nufina Babarbaren na jefa, amma dutsen a kan wanda babu wasa tsakaninmu ya sauka. Sunan "mai jego" ya bi Ɗanjuma daga Gaya har kasuwar Ajingi. Bai daina sa rigar ba, don ba shi da wata mafita, sai dai ya daina zama a bencin nan. Bukar, wanda bai taɓa barin tsiyata ta kwana ba ramuwa, a ranar sai ya ci gaba da taka kekensa. Na ɗauka na yi nasara.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga ɗinkin yau. Samari sun matse wando ya tsaya a ƙwauri, wai sanata. Surfanin da yake kwana bakwai a kansa, inji na gama shi kafin shayi ya huce. Mata sun buɗe shaguna, kowace da sunanta a wuyan riga. Har na ga a waya inda ake nuna tufafi, ga siririya, ga mai jiki, ga wani a keken guragu, duk ana tafa musu. Ina jin wannan zai faranta masa, ko da yake zai ce sun makara. Kayan kanti kuwa, masu zuwa ƙarami, matsakaici da babba, kamar 'yan Adam kala uku ne, su ne za su ɓata masa rai. Na kuma san abin da zai fara yi da kowace riga: ya juya ta baibai ya duba ɗinkin ciki, don a cewarsa nan ne tela ke faɗin gaskiya.

Jiki magayi. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikina na hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya ƙi. Matata Hajiya ke zura mini riga kamar ɗan yaye, ita ke ɗaure mini mazagi. Wata Juma'a, bayan na kewaya kafin alwala, na tsaya a bakin masallaci riƙe da wando, na rasa wanda zan roƙa. Daga ranar na bar fita. Wata bakwai ina gaya wa masu dubiya wai likita ne ya hana.

Falmata, 'yar Bukar, ita ta gaji keken, yanzu ma da shagonta a Gaya. Ta zo gaishe ni, ta yi hira da Hajiya a ɗaki, ta fito ba ta ce mini komai ba sai "Allah ya ƙara sauƙi, Baffa." Bayan mako guda ta dawo da ƙunshi. Ashe adakar ubanta ta buɗe, ta ciro takardata, ta ciro ta Ɗanjuma ta kifa a kai, tun da shi hannun dama ya rasa, ni na hagu. Farar shadda, aiki har ƙasa, maɓallai a ɓoye. Na gane ta tun kafin a warware. Na sa ta da kaina, ni kaɗai a ɗaki, na daɗe zaune kafin in iya fitowa.

Idan aka auna abin da Bukar ya bari, ba gida ba ne, ba gona ba. Kekensa ma ya tsufa. Abin da ya rage adaka ce cike da takardun siminti, kowace da sunan mutum guda da yadda Allah ya yi shi, har da wanda ya yi masa dariya.

Juma'ar da na koma masallaci aka kewaye ni da barka. Wani ya shafa aikin ya tambaya ko daga Kano aka kawo. Hali zanen dutse: sai na gyara tsayuwa na ce sabon yayi ne, kuma tun da can ni nake ba marigayi shawarar irin wannan fasali. Ban san Ɗanjuma yana bayana yana neman takalminsa ba, sanye da tasa.

Ya ce, "Barka da jego, Alhaji. Rigar dai ita ce ta shekara talatin. Hannunka ne sabon yayi."