Da Kunnen Hagu Na Ji Hukuncin

Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Masu cewa hutu na tafi Lyon, ku gyara zama.

Abin ya fara da gunji a kunnena na hagu, kamar firji yana aiki cikin kaina. Mari ne ya jawo shi. Mijina ne, a kicin ɗinmu na Saint-Denis, wai tuwo ya huce.

Ba shi ne na farko ba. Shekara biyu baya, maƙwabta sun kira 'yan sanda. Dattawanmu na Montreuil suka zo sulhu, ya dafa Alƙur'ani, na janye ƙarata. Duk da haka kotu ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka. A wurin dattawa magana ta mutu. A wurin kotu tana nan a rubuce.

Wannan karon na ɓoye. Sati uku ina ɗiga man zaitun mai ɗumi, yadda Inna take mana a Maraɗi. Ashe dodon kunnen ya fashe, cikin rauni nake zubawa. Ruwa mai wari ya fara fita. Ranar wata Talata jiri ya kayar da ni a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

A asibiti na ce wa likita mura ce, ta leƙa kunnen, ta ajiye fitilarta. "Madam, mura ba ta yin haka. Wa ya mare ki?"

Na faɗa. Ta rubuta takarda, na kai komisariyar 'yan sanda da ƙafata.

Yayata Rabi ta tafi da ni Lyon. Gwajin ji, hoton kai, allurai, sannan aiki: suka yanki 'yar tsoka a bayan kunnen suka yi faci. Na ji tsoro ƙwarai, don an ce ba lallai jin ya dawo ba.

Ina kwance da bandeji Kawu Idi ya kira. "Ɗiyata, ki retire plainte ɗin nan, ki janye ƙarar, ki rufa muna asiri. An ce wanda ya sake, hukunci nai ninki ne."

"Kawu, shi ma ai ninka marin ya yi."

Har yau bai sake kirana ba, kuma ban rame ba.

Alhamdu lillahi. Yaya Rabi, likitar da ta ƙi yarda da ƙaryata, Allah ya saka.

'Yan uwa, kada ku zuba komai a kunne mai ciwo. Ku je asibiti, ku faɗi gaskiya, ku adana takardar likita.

Ranar shari'a da gangan na juya wa alƙali kunnen hagu. Shekara biyu a kaso, ga tsohon ɗaurin a kai, kuma an hana shi kusantar inda nake.

Jin bai dawo duka ba. Amma ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.