Kifayen Teku da Suka Sa Na Kori Gwaggona

A shekarun da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, ina sauka Kwatano in sayo motoci na hannu da kayan gyaransu in kawo in sayar. Ina da matata da 'ya'yana, na gina gida mai falo, na sa sola, kuma babban abin alfaharina shi ne ba a cutata. Duk wanda ya yi mini murmushi sai na tambayi kaina me yake nema, wanda kuwa ya ba ni shawara kyauta sai na shafa aljihuna. Hulɗa da dillalan tashar jirgin ruwa da 'yan duwan, wato jami'an kwastan, ce ta koya mini haka, kuma ba zan ɓoye ba, halin ya sha tsare ni daga asara. Ina roƙon ku sakaya sunana. Abin da nake so masu karatu su ji shi ne yadda wannan hali ya biyo ni har cikin gida ya yi mini ɓarnar da ba ta gyaruwa.

A wata tafiya, kafin a rufe iyaka, na shiga wani kanti a Kwatano na ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, da fitila a samansa. A ciki akwai duwatsu masu ramuka, da murjani mai rai yana kaɗawa kamar ciyawa, da ƙananan kifaye masu launin da ban taɓa gani ko a jikin atamfa ba. Ni da na tashi ban san wani kifi ba sai busasshe da tarwaɗar tabki, sai na tsaya baki sake. Nan take na ce sai na ajiye irinsa a falona, ƙarami dai, daidai kan teburi. Mai kantin ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce in fara tafiya da akwatin da duwatsun da gishirinsa na musamman, in haɗa ruwan in bar shi ya yi makonni yana zagayawa ba kifi ko ɗaya, sannan in dawo in ɗauki kifi ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ya ce kuma in ruwan ya ragu saboda zafi, da ruwan daɗi zan cike, kada in ƙara mai gishiri. Ya miƙo mini wani ɗan abin awon gishiri ya ce lalle in haɗa da shi. Ina jinsa ina dariya a zuci. Na ce wannan so yake in yi ta sintiri tsakanin Arewa da bakin teku ina kawo masa ciniki. Kifin teku kuma a zuba masa ruwan famfo? Ai so yake su mutu in dawo in sayi wasu. Abin awon ma na ture shi, na ce harshena ya ishe ni. Mu a sana'armu ba a dawowa da mota rabi, don haka na sa ya ɗaure mini komai a tafiya ɗaya: kifaye masu yawa, da jatan lande, da dodon koɗi, da murjani, aka jera su cikin kula mai riƙe sanyi na sa a motar da na sayo mai sanyi.

Ikon Allah, yawancinsu suka iso da rai, wannan kuwa ya ƙara mini girman kai. Na haɗa ruwa na juye su gaba ɗaya. Gidana ya koma gidan kallo, maƙwabta da abokan kasuwa suna shigowa suna salati, wani ma ya tambaye ni ko ana soya su, na ce masa ya je ya soya na gidansu.

Cikin wannan hidima Gwaggo ta zo. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun mahaifiyata ta rasu ina jariri, a wani ƙauye kusa da Lugu. Ita ta goya ni, ita ta riƙa jiƙa mini fura, ita ta sayar da awakinta lokacin da na ce zan shiga birni neman na kaina. Amma Gwaggo 'yar bori ce, tana da ƙwaryarta da turarenta da iskokin da take yi wa hidima, ni kuwa tun da na yi ɗan karatun addini na fara jin kunyar wannan, har ba na son abokaina su san daga hannun wa na fito. Ga shi yanar ido ta rufe mata gani, da kyar take bambance mutum da bango. Mun ji labarin wasu likitocin ido za su zo asibitin garinmu su yi wa mutane aiki, shi ne na aika aka ɗauko ta. Aka duba ta aka ce aikin zai yiwu, ta zauna kusa ta jira zuwansu.

Tun ranar da ta sauka ta liƙe wa akwatin nan. Da ta idar da karin kumallo sai ta jawo tabarmarta ta zauna dab da gilashin, ta kafa masa ido tana magana ƙasa-ƙasa. Wani lokaci ta ɗora tafin hannunta a jiki, wani lokaci ta ɗaga murfin ta tsoma yatsa kifayen su zo su taɓa, tana dariya kamar yarinya. Ta taɓa ce mini duwatsun nan suna da masu su, kuma ba a raba abu da gidansa a kawo shi nesa haka ba a yi masa barka da zuwa ba. Na ce mata duwatsu ne kawai, ta bar wannan zance a gidana. Amma ba ta daina zaman ba.

Ba a jima ba ruwan ya fara yin hazo-hazo. Wata safiya na tarar da kifi ɗaya a kwance a ƙasa, bayan 'yan kwanaki wani ya bi shi. Murjanin ya tsuke ya daina buɗewa, jatan landen suka ɓace. Na ce ko ɗauke wuta ne, na ƙara batir. Na ce ko zafi ne, na kafa wa akwatin fanka, ruwan kuwa ya ƙara saurin raguwa, ni kuma kullum ina dama gishiri a bokiti ina cikewa, ina yaba wa kaina da ban bi maganar mai kanti ba. Sai na fara ganin wani farin gari yana taruwa a bakin gilashin da ƙarƙashin murfin, daidai inda Gwaggo take ɗagawa. In na share, washegari ya dawo. Sannan wasu tsutsotsi masu gashi suka fara leƙowa daga ramukan duwatsun, abin da na tabbata ban saya ba. Na haɗa farin garin da tsutsotsin da maganarta ƙasa-ƙasa da zancen masu duwatsu, na ce shi ke nan, tsohuwar nan wani abu take zubawa.

Daga nan na zama ɗan sanda a gidana. Sai in yi sallama kamar na tafi kasuwa, in zagayo ta bayan gida in tsaya jikin taga ina leƙenta. Ban taɓa ganin ta zuba komai ba, amma maimakon hankalina ya kwanta sai na ce ai gwana ce, ta san ina kallo. Na fara tuno duk abin da ya taɓa ɓata mini rai: motar da ta ƙi sayuwa, zazzaɓin da autana ya yi, cinikin da ya watse a bakin biya. Duk na ɗora mata. Har na fara tunanin ko 'yan'uwana na ƙauye ne suka turo ta don suna baƙin cikin abin da na samu. Ranar da matata ta raka ta wanka, ni da gemuna na shiga ɗakin Gwaggo na kwance ƙunshinta. Na tarar da turare da saiwoyi da wani farin gari a ƙulle cikin tsumma. Matata ta ce kanwa ce da take jiƙawa saboda ciwon ciki, ita da kanta ta saya mata. Ta ce in ji tsoron Allah, matar da ba ta ganin ƙofar ɗaki ina ta ga idon yi wa kifi sammu. Na ce mata ita ma ta kiyaye ni, don na fara lura bakinsu ɗaya.

Ranar da kifin da na fi so ya mutu, wani mai ruwan lemo da farin zane, ban iya haɗiye fushina ba. Na tsaya a kan Gwaggo a falo, a gaban matata, na ce na san abin da take yi, na ga garin, kuma gidana ba ɗakin bori ba ne. Ta ɗago fuskarta wajen da muryata take fitowa ta tambaye ni ko da ita nake. Na ce da ita nake. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi a haɗa mata kayanta. Matata ta durƙusa tana ba ta haƙuri, tana tuna mini likitocin sun kusa isowa, ni kuwa na ce in sun zo a aika mata. Na sa aka ɗora ta a motar kasuwa, ban ko raka ta tasha ba. Wallahi a ranar sanyi na ji a raina, kamar wanda ya cire ƙaya.

Kifayen suka ci gaba da mutuwa. Farin garin ya ci gaba da fitowa, har ya fi na da. Na kulle falon na riƙe makulli a aljihuna, bai hana ba. Na zargi matata, na zargi wani maƙwabcina da ya cika yabon akwatin, na ce bakinsa ne. Da na rasa wanda zan kama sai na koma kan mai kantin, na ce marasa lafiya ya sayar mini. Na ɗebi ruwan a gora na sauka Kwatano da niyyar yin rigima. Mutumin ya ɗiga ruwan a abin awon nan da na ƙi saya, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambaye ni da me nake cikewa. Da na gaya masa sai ya dafe kai. Ya ce rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri, don haka duk bokitin da na zuba gishiri nake tarawa a kan gishiri, kamar miyar da ta ƙafe aka ƙara mata gishiri maimakon ruwa. Ya ce ko ba wannan ba, kifayen da na tula a sabon ruwa sun isa su kashe junansu da ƙazantarsu. Farin garin gishiri ne da ke bushewa in ruwa ya fantsama. Tsutsotsin kuwa a cikin duwatsun suka zo tun daga teku, mushen da ya yi yawa ne ya fito da su. Ina tsaye a kantin nan Gwaggo ta faɗo mini a rai, ban ma ji ƙarshen maganarsa ba.

Ko da na dawo, likitocin sun zo sun gama sun tafi. Matata ta ce ta aika ƙauye har sau biyu, Gwaggo ta ce a gaishe mu, ba za ta zo ba. Na hau babur na tafi da kaina. Na same ta zaune a inuwar rumbu, an ɗaure mata ido da ƙyalle. Ashe da ta koma, wani mai cire yana na gargajiya ya ratso ƙauyen ranar kasuwa, ta ba shi idanunta ya soka musu allura. Suka kumbura suka yi ruwa, ɗan hasken da take gani ma ya tafi. Na durƙusa na faɗi duk abin da mai kantin ya gaya mini, na roƙe ta gafara ina kuka kamar ba magidanci ba. Ta lalubo kaina ta shafa, ta ce ta yafe tun a mota. Ta ce ita dai tana zama wurin ne don duk duniya ba abin da idonta yake iya kamawa sai fitilar nan da launukan da ke wucewa, maganar da take yi kuwa gaishe su take, don baƙi ne. Ta sa aka dama mini fura. Amma da na ce ta shirya mu koma gida a nemi magani, sai ta ce gidan da aka kwance mata ƙunshi ba ta sake kwana a cikinsa. Ashe ta sani. Da kyar daga baya ta yarda aka kai ta Yamai, daga ƙauye kai tsaye, likita ya duba ya ce allurar ta riga ta gama ɓarna.

Gwaggo tana nan da ranta, jikarta ce ke jan ta. Ina kai mata hatsi da sutura, tana karɓa tana sa mini albarka, kuma har yau ba ta taka ƙofar gidana ba. Akwatin na wanke shi na bayar.

Ga duk mai sha'awar ajiye kifin teku a ƙasarmu mai zafin nan, ina ba shi shawara ya ji maganar wanda ya san abin: ya bar ruwan ya zauna, ya fara da kaɗan, ya sayi abin awo, ya cike da ruwan daɗi. Amma ba don kifi na rubuto ba. Na gane cewa mai zargi ba ya rasa hujja, duk abin da ya gani shaida ne, rashin ganin ma shaida ne. Na zargi baƙo a kantinsa, na zargi matata, na zargi wadda ta goya ni, mutum ɗaya ne kawai ban taɓa tsayawa na tuhuma ba, shi ne mai dama gishiri a bokiti kowace safiya. Don Allah, in abu ya lalace a gidanku, ku fara bincika hannunku kafin ku buɗe baki a kan tsohon da ke zaune a inuwarku. Ni an yafe mini, amma yafiyar ba ta mayar wa Gwaggo da idonta ba.