Baffa Hinnerk da Danginsa na Jarida

Baffa Hinnerk, wan mahaifina, shi ne mutum na ƙarshe a ƙauyenmu na bakin kogin Weser da ya iya haɗa ƙafar keken doki da itace. Sunan gidanmu ma, Rademacher, ma'anarsa ke nan: mai ƙera ƙafar keke. Da tarakta ta kori dawakai sai ya koma gyaran kekunan hawa, amma ƙamshin itace bai bar shagonsa ba.

Bai taɓa haihuwa ba. Ƙila shi ya sa duk wani Rademacher da ya fito a jarida, alƙali ne ko likita, sai ya yanke hoton ya liƙa a bango.

"Danginmu ne," in ji shi.

Matarsa Gesine ta ce, "Dangin da ba su san hanyar gidanka ba? Tashi ka ci dankalinka, tsoho, kafin ya huce."

Wata shekara wata mawaƙiya mai suna Ilsabe Rademacher ta zo wasa birnin Bremen. Baffa ya sa kwat ɗin aurensa, ya lallaɓi Gesine ta gasa masa kek na tuffa, ya ce in raka shi. Bayan wasa muka tsaya a ƙofar bayan zauren har ta fito. Ya cire hula.

"Baiwar Allah, sunanmu ɗaya."

Ta fashe da dariya. "Wayyo, malam, sunan tsohon mijina ne. Shi kaɗai na tsira da shi daga auren."

Na ga kunnuwan Baffa sun yi ja. Sai ya miƙa mata kek ɗin. "To ai kin riƙe sunan da kyau. Ci."

Nan a tsaye ta ci yanka biyu, tana tambayarsa yadda ake lanƙwasa itace da tururi. Ya manta da kunya, ya yi ta zuba har muka kusa rasa jirgin komawa gida.

Shekara goma sha ɗaya tana aiko masa da kati duk Kirsimeti, tana farawa da "Ɗan uwana". Da ya rasu ta zo jana'iza da sanda a hannu, ta zauna a layin iyali. Gesine ce da kanta ta matsa ta ba ta wuri.