Sawun Taya a Rafin Birchi

Duk wanda ya ci kasuwar Dutsin-Ma kafin mulkin kai ya san Sodangi baduku, mutumin Birchi. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara, amma aikin hannunsa ba a kushe shi. Shi ya fara sayen tsohuwar tayar mota wajen direbobi yana yanka ta yana ɗinka wa takalmi a ƙasa. Kuma kowane takalmi sai ya tsaga masa 'yar alama mai kama da ƙafar kaza a dunduniya, don kada wani baduku ya ci da guminsa.

Aminansa biyu ne, Hudu mai sayar da hatsi da Dalhatu manomi. Rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, cikin hunturu, ɗaki ɗaya suka yi jinya. Ran da suka warke suka gudu suka haye Dutsen Gwaggo da ke bayan gari, suka gasa dankali a can ƙoli. Tun daga nan abin ya zame musu al'ada. Kowace shekara in an gama kai amfanin gona rumbu, sanyi ya kankama, sai su hau. Sun yi aure, sun haihu, gemu ya fara furfura, ba su fasa ba. Sodangi ke yi musu takalman hawa, don na fata zalla santsi yake yi a kan dutse.

To, daminar da ta biyo bayan mulkin kai kurkunu ya fito wa Sodangi a gwiwa. Ya sha kwanciya, da ya tashi kuma ƙafar ta sandare, sai da sanda. Bai taɓa cewa ya gaza ba. Hasali ma tun kaka yake zagaya bayan gida yana gwada ƙafar, yana jiran ranar hawa.

Sai ga Hudu da Dalhatu sun zo rumfarsa, suna ta sosa ƙeya. Wai bana an fasa hawa, hidima ta yi yawa, amma ya yi musu takalma sabbi na zuwa kasuwar Kurfi. Bawan Allah ya yarda. Ya zauna da basilla ya ɗinka musu, har da ƙara kauri. Ku ji rashin ta-ido! Ka yaudari mutum, sannan ka sa shi ya ɗinka maka abin da za ka taka ka bar shi a baya.

Wata safiya ya sauka rafi zai jiƙa fata, sanyi na cizon yatsu. Yana dubawa sai ga sawu a kan yashi, mutum biyu, kowace dunduniya da ƙafar kaza. Ba Kurfi suka nufa ba, Kurfi tana can, sawun yana nan. Ya ɗaga kai, sai ga hayaƙi siriri a kan Dutsen Gwaggo.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ba hawan ne ya ƙona masa rai ba. Zama suka yi su biyu, suka yanke masa hukunci kamar gawa, ba wanda ya tambaye shi. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya koma gida ya ajiye fatar, ya ce shi ma sai ya hau. Matarsa Inno ta biyo shi har bakin rafi tana roƙo ya rufa wa kansa asiri, bai ko waiwayo ba.

Hawan nan ya ci wuya. Inda dutsen ya miƙe sai ya jefa sandar gaba, ya bi ta da rarrafe, yana jan ƙafar kamar buhu. Tafin hannunsa ya goge, iska mai sanyi tana shiga rigarsa. Ya zauna ya huta ba adadi, in ya tuna da sosa ƙeyar Hudu sai ya miƙe. Rana ta take tsaka kafin kansa ya ɓullo a ƙoli.

Suna zaune gaban wuta, dankali a hannu. Da ganinsa Dalhatu ya ajiye nasa. Hudu ya fara kame-kame, wai tausayi ne, wai ga ma kasonsa nan an ajiye za a kai masa gida. Sodangi bai dubi dankalin ba.

Ya ce, "Hudu, ran da wanzami ya zaunar da mu, wa ya yi kuka, wa ya riƙe shi?"

Hudu ya sunkuyar da kai.

"To, ku cire mini takalmana. Na Kurfi na ɗinka, ba na nan ba."

Suka zaci wasa ne, sai da suka ga ya miƙa hannu. Ya ɗaure takalman da igiya ya rataya a wuya. Haka suka sauko ba takalmi, dutse na yankan ƙafa, tsidau na jiran su a gindin dutsen. Mutanen Birchi da ke bakin rafi sun ga abin da idonsu, mutum uku sun shigo gari, dukansu suna ɗingishi, kuma Sodangi ne a gaba.

Ƙafar ba ta yafe masa wannan hawa ba. Ta kumbura, ya koma kwance har bazara, bai sake iya taka ko gindin dutsen ba. Inno ta daɗe tana mita, shi kuwa bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Amma daga shekarar nan har ya bar duniya, duk hunturu sai Hudu da Dalhatu sun zo rumfarsa, sun tuɓe takalmi sun zauna, sun ce, "Sodangi, jibi za a hau, ka shirya."

Shi kuma sai ya shafa gwiwar, kamar mai shawara. Sannan ya ce, "Bana dai ba ni zuwa. Ku je, na ba ku izini."