Mani bai bar ni a shinge ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ana cikin fiɗar ragon sunan jikana, waya ta shigo daga Dauran. Wai Mani ya rasu. Sai da ɗansa ya maimaita kafin maganar ta shiga kaina.

Ku da kuke bibiyata kun ga yadda na cika muku waya da hotunan jaririn nan tun ranar da aka haife shi. Shi ne jikana na fari, na yi murna har na manta da furfurata. Gidana a Kaura cike yake yanzu, mata na guɗa a ciki, ni kuwa ina zaure ina wannan rubutu.

Bayan azahar za a yi jana'iza. Ga dukkan alamu ba zan samu ba.

Na je tasha, direbobi suka ce tun jiya babu motar da ta bi hanyar Zurmi, mutanen daji sun tare. Na dawo in hau babur, na tarar babban ɗana ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya ce, "Baba, ka yi min duk faɗan da za ka yi, amma ba za mu haɗa suna da makoki biyu ba."

Ga wanda bai san shi ba, Mani bafatake ne. Goro yake kaiwa Maraɗi ya sayo dabino da atamfa. Duk wanda zai ƙetare iyaka karo na farko a yankinmu, hannunsa ake danƙa shi.

Ni da girmana na yi karatu. Da aka ba mu jihar Zamfara kowa na cewa yanzu sai mai boko, na shiga ajin yamma na manya, ga 'ya'yana har sun tasa. Wata rana malaminmu ya shimfiɗa taswira ya nuna mana layin da ya raba mu da Nijar. Na ce sai na ga layin nan da idona. 'Yan aji suka yi dariya suka ce to in kawo shaida. Shi ya sa na aro kyamara wurin wani mai hoto na cusa a ƙasan jaka.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba muka tafi. Tun a mota Mani ya fara yi min darasi.

"In munka kai duwan, kwastan ɗinsu ke nan, kai za ka buɗe jikkarka tun ba a ce ba. Ka gaishe su kamar surukanka. Wanga Turanci naka na ajin marece kuwa ka bar shi aljihu, can ba ya ci."

Abu ɗaya bai faɗa min ba, don bai san ina ɗauke da kyamara ba.

A shingen iyaka komai ya tafi daidai. Jami'in ma har da zolaya: "A'a, mutanen Shari'a ne? Ku ai ba ku ɓoye kaya, ko?" Aka yi dariya. Ana ɗaure kaya a saman mota, na koma gefe na ɗauki hoton tuta da ƙarfen da ke gicciye a hanya, da jami'in da ke tsaye a wurin. Ban sauke kyamarar daga idona ba na ji hannu a wuyan rigata. Ashe ba a ɗaukar hoto a irin wurin nan.

Suka sa ni a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, suka ce sai babbansu ya dawo daga gari. Yaushe zai dawo, babu wanda ya sani.

Ina jin direba yana kira daga waje: "Mani, shiga mu tahi, kasuwa ba ta jiran kowa. In an sake shi ya biyo wata mota."

Mani ya ce, "Sauke min huhunan gorona. Wanda kunka ci guzuri ɗaya da shi, ba a barinai a shinge."

Ina ji motar ta tashi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ƙasar wasu, rubutun da ke bango ma ba na iya karantawa, duk karatun da nake taƙama da shi.

Can sai na ji an shimfiɗa buhu a gindin taga.

"Mai hoto, kana nan ko ka suma?"

Nan Mani ya wuni. Da rana ta take ya miƙo min dogon burodinsu kamar sanda, da miya a ɗan kwano. Ya ce, "Ci, direbobi na bi na sawo. In ka shiga garin da ba ka sani ba, inda ka ga direba na lasar hannu nan za ka zamna, bar masu kujerun ado. Ka tambayi kuɗin abinci kahin ka wanke hannu. Kuma kar ka zo ƙasar mutane kana neman tuwon gidanku."

Da na gama ci, sai ya fara zagaya da ni Maraɗi da baki. Ya shigar da ni kasuwa ta ƙofar masu dabino, ya fito da ni layin masu sirdi da takalman fata, ya kai ni babban masallaci. Har da cewa, "Yi a hankali, amalanken jaki na bayanka." Ina kulle, ina dariya.

Wajen la'asar babban nasu ya dawo. Mani ya gaishe shi, ya faɗa masa gaskiya, cewa ɗan makaranta ne da gemu ya zo ganin layin taswira. Mutumin ya murmusa, ya zare fim ɗin, ya miƙo min kyamara.

Kafin mu samu wata mota mu isa Maraɗi, kasuwa ta riga ta watse, goron ya sha rana. Har ya bar duniya bai taɓa yi min maganar asarar nan ba. Washegari bayan asuba ya ja ni muka zaga gari da ƙafa, don ya ce da sanyin safiya ake ganin gari, kafin ya sa rigar kasuwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan Sallah ce, ya zo Kaura ganin likita. Ya rame. Mutumin da ba ya sati a gida ya ce min ya manta rabon da ya ga iyaka, ko kasuwar Shinkafi ta gagare shi.

Ya ce, "Da can mai tsare mu yana da tuta da ohis, ka san tagar da za ka zamna ka jira ɗan'uwanka. Yanzu ina tagar take?"

Shekaranjiya na kira shi na faɗa masa ranar suna. Muryarsa ta yi ƙasa, amma ya ce, "Mai hoto ya zama kaka! In hanya ta buɗe ina nan tahe."

Hanya ba ta buɗe masa ba. Ni ma ba ta buɗe min ba.

Don haka ina roƙo. Duk wanda ya ga wannan rubutu yana Dauran ko kusa, inda zai iya isa ba tare da ya jefa kansa a hatsari ba, don Allah ya je. Ya tsaya a sahu a madadina, ya sa kafaɗarsa a makara ko taku kaɗan ne. Ya faɗa wa 'ya'yansa cewa mai hoto na Kaura bai ƙi zuwa ba, tsare shi aka yi.

Ya Allah, bawanka Mani ya iso shingen da babu mai raka wani. Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka yalwata masa kabari, kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka ba iyalansa haƙuri, Ka buɗe mana hanyoyinmu.

Ku da kuka taya ni murna satin nan, ku taya ni da addu'a. Ku ambaci sunansa a sujadar azahar ɗin yau.