Sallamar Ɗanlungu

Har yau ban manta da Juma'ar da muka ɗora kashi na shida na shirin Jami'i Ɗanlungu ba. Tunda ku ne yanzu za ku riƙa duba sharhin masu kallo, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi wajen 'yan lokeshan, wato masu aiki a wajen ɗaukar fim, don su sai sun ƙara masa gishiri.

Shirin na 'yan leƙen asiri ne, muna ɗora shi a intanet duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A lokacin ba wani kamfani ba ne kamar yadda kuka tarar. Ƙanin maigidana, Nazifi, shi ne darakta shi ne furodusa, wato shi ke ba da umarni, shi ke kuma fafutukar abin da za a yi aikin da shi. Akwai mai kyamara, akwai edita mai suna Sadiku, wanda ke yanka hoto ya haɗa ya sa kiɗa. Ni ce ta ƙarshe a layi. Ina ɗakina a unguwar Zaitawa a nan Kano, waya na jikin caji, tukunya na kan wuta. Aikina in karanta abin da jama'a suka rubuta a ƙasan bidiyo, in goge ashar da tallan maganin ƙiba, in amsa wa mai tambayar arziki, ranar Litinin kuma in gaya wa darakta abin da mutane suka ce. Nazifi ya ɗauke ni ne don na yi sakandare, kuma a cewarsa duk gidan ni kaɗai ce ba na rama zagi.

Jarumin shirin, wanda ke fitowa a Ɗanlungu, sunansa Malam Habu, mai wankin hula ne a Jakara. Magidanci ne, ya ba wa arba'in baya, ba shi da yawan magana. Nazifi ya zaɓe shi ne saboda fuskarsa, in ya ɗaure ta sai ka rantse ya san wani sirrinka. Mutumin nan ya ɗauki aikin da muhimmanci fiye da kowa. Da kansa ya sayi baƙar rigar da yake sawa, shi ke fara zuwa lokeshan, kuma in an ba shi maganar da zai faɗa, a rumfarsa yake haddace ta yana dukan hula. Shekara da shekaru ana miƙa masa hula ba a kalli fuskarsa ba, sai ga shi ana tsayar da shi a kasuwar Kurmi ana ɗaukar hoto da shi.

A kashi na shida Ɗanlungu zai saci jiki ya shiga gidan maci amanar ƙasa ya ɗauko wasu takardu. Gidan da aka ara na wata dattijuwa ne a Gwammaja, kowa Inna yake ce mata. An roƙe ta ta zauna a ɗaki ta yi shiru, ta ce to. Malam Habu ya bi jikin bango, bindigar roba a hannu, ya ratsa soro kamar inuwa. Da ya zo bakin ƙofar tsakar gida sai ya tuɓe takalmansa, ya jera su a gefe, ya ce a hankali, "Salamu alaikum."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, "Wa alaikumus salam, wane ne?"

Shi kuma ya ce, "Ni ne, Inna."

Darakta da mai kyamara suna can nesa, ba su ji ba, amma makirufon da ke jikin rigarsa ya ɗauka. Sadiku kuwa a shagon ɗinkin abokinsa ya tace kashin saboda can ne ake da wuta, ƙarar janareto ta hana shi jin komai, ya ɗora kiɗa a kai ya wuce. Kiɗan bai rufe ko harafi ɗaya ba.

Kafin la'asar wayata ta yi zafi har sai da na ɗora ta a kan randa. Ban taɓa ganin sharhi na zuba haka ba. Wani ya ce, "Wannan ɗan leƙen asiri ne ko ɗan aike?" Wata ta ce, "Saura a shimfiɗa masa tabarma a kawo ruwa da goro." Wani ya ce shi Inna yake so a ba wa jarumtar, don ita ce ta gano jami'in da duk 'yan ta'adda suka kasa ganowa. Akwai wani mai kiran kansa Ɗan Gwammaja Na Asali, shi kam ya tare a wurin kamar an ba shi haya, duk wanda ya yi magana sai ya amsa masa: "A cire tsohon nan, ya mayar mana da shiri wasan yara." Can kuma malaman waya suka iso, aka shiga jayayya a kan ko wajibi ne a amsa sallamar wanda ya zo satar takardu. Da aka fara kiran juna jahili na goge su gaba ɗaya, na je na yi alwala don in huce.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi dariya da farko, har miyata ta kama. Amma ranar Lahadi maigidana ya dawo daga kai wankin hula ya ce min samari sun mayar da rumfar Malam Habu wajen shaƙatawa. Sai su tsaya su ce, "Salamu alaikum, mun zo satar hula," su ƙyalƙyale. Ya ce mutumin yana murmushi, amma tun kafin azahar ya tattara ya rufe.

Ranar Litinin aka yi zama a soron gidanmu kamar yadda aka saba. Ni ina daga bakin ƙofar ciki da hijabina. Nazifi ya ce, "Matar Yaya, me mutane suka ce?"

Na ce, "Dariya suke yi, Darakta. Amma masu kallo sun ninka na kowane mako, kuma dariya ba ƙiyayya ba ce."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Sun ce a cire shi ko ba su ce ba?"

"Wasu sun ce. Mutum ɗaya ne ma ya fi nanatawa."

"To kin gani. Jami'in da yara ke yi wa dariya ya gama aiki. Kashi na gaba harbe shi za a yi."

Malam Habu yana zaune a kan benci, kansa a ƙasa, yana murza bakin hularsa. Wallahi sai na ji kamar ni aka ce za a harbe. Na ce wa Nazifi laifin na edita ne, ba na wanda iyayensa suka yi wa tarbiyya ba. Sadiku ya ce laifin na janareto ne. Aka ja, aka ja, har maigidana ya leƙo ya sa baki, Nazifi ya yarda a ba shi dama guda: a kashi na bakwai Ɗanlungu zai koma gidan, ya faɗa ciki da takalmansa, ba sallama, ba waiwaye.

Ban je lokeshan ba, mai kyamara ne ya ba ni labari. Ya ce tun hantsi ake abu ɗaya. Da Malam Habu ya zo dokin ƙofa sai ƙafarsa ta tsaya. In ƙafar ta wuce, sai a ga leɓɓansa na motsi. Nazifi ya ce, "Malam, a zuciya ma kar ka yi, ana gani a fuskarka." Shi kuma ya ce, "Darakta, tun ina yaro aka mare ni a kan wannan, kunnen har yau bai manta ba." Aka kai Inna maƙwabta don kar ta amsa. Daga ƙarshe dai ya runtse ido ya faɗa gidan, ya taka tabarma da takalmi, ya suri takardu ya fito. Aka tafa masa. Shi kuwa ya koma ya kakkaɓe tabarmar da hannunsa.

Juma'a ta zo muka ɗora. Na yi addu'a na buɗe waya. Sharhin farko da na gani, ban da masu rubuta "ni ne na farko", na Ɗan Gwammaja Na Asali ne. Ya ce, "Subhanallahi, tarbiyya ta ƙare a Kano. Ƙato ya faɗa gidan matan aure ba sallama, da takalmi a kan tabarmar salla. Wannan kuke koya wa 'ya'yanmu?" Tabarmar nan ta shanyar kuɓewa ce. Jama'a suka bi bayansa kamar an buɗe famfo. Matar da ta ce a kawo masa ruwa da goro ta dawo tana cewa ta hana yaranta kallo. Wani ya ce Yahudawa ne suka sayi shirin. Shirin da muke aron fitila a wajen mai shayi.

Mu da muka yi ƙuruciya a zamanin soja, mun tashi muna jin manya na rage murya in za su ambaci jami'in tsaro. Yanzu alhamdu lillahi kowa da bakinsa, kowa da wayarsa, amma ranar nan na ce da ma a riƙa tambayar mutum abin da ya faɗa makon jiya kafin a sayar masa da data. Na rubuta wa Ɗan Gwammaja amsa mai tsawo, na tuna masa maganarsa ta baya kalma da kalma. Na karanta, na yi istigfari, na goge. Dokar aikinmu ce ba a jayayya da mai kallo, kuma har gobe ita ce dokar.

Zaman Litinin ɗin nan bai yi tsawo ba. Na faɗi abin da na gani, na kuma faɗa cewa sunayen da suka yi dariya su ne dai suka dawo suna wa'azi. Nazifi ya riƙe kai ya ce, "In ya yi sallama a yi mana dariya, in bai yi ba a tsine mana. To ina zan kai shi?"

Na ce, "Ka bar shi inda yake, su gaji."

Malam Habu ne ya katse mu. Ya ce, "Hajiya, bar shi. Dariyar ba ta dame ni ba kamar ta biyun. Jiya 'yar autata ta ce, Baba, kai da kake mayar da mu waje in mun shigo ba sallama." Ya ɗan yi murmushi. "Sallama ce ta jawo, to a sallame ni kawai. Abu ɗaya nake roƙo, Darakta, in za a harbe ni a bar ni in cika da kalmar shahada."

Haka aka yi. A kashi na takwas aka harbe Ɗanlungu a wani lungu bayan ganuwa. Ya jingina da bango, ya ɗaga yatsa, ya yi shahada. Ni da na san jan kala ne aka zuba masa a riga, sai da na share hawaye da bakin zanena.

Kada ku tambaye ni abin da ya biyo baya. Shafin ya koma zaman makoki. Allah ya jiƙan Ɗanlungu, Allah ya sa ya huta, Allah ya isa tsakaninmu da darakta. Waɗanda suka ce a cire tsoho suka ce ba a taɓa jarumi mai ladabinsa ba. Samarin da suka hana shi sakat suka koma rumfarsa yi masa ta'aziyyar kansa. Wata baiwar Allah ta turo saƙon murya daga Nijar, ta ce ta soya waina ta yi masa sadaka, tana tambaya ko ya bar yara ƙanana. Ita kam na amsa mata, na ce yana nan da ransa yana wankin hula. Ta ce alhamdu lillahi, ladan wainar ya kai wa iyayensa.

Masu kallo suka zube. Saurayin da aka kawo ya maye gurbinsa ya iya tsallake katanga, ya iya juyi a sama, amma in na buɗe waya sai in tarar da masu talla kaɗai. Nazifi ya haɗiye girman kai ya tafi Jakara. Ya tsara cewa ashe Ɗanlungu na sanye da rigar sulke, suma kawai ya yi. Ya ce har sallamar an yarda ya riƙa yi, da ƙarfi ma in ya so.

Da ya dawo na ga fuskarsa na san amsar, amma na ce, "Darakta, yaya?"

Ya ce, "Matar Yaya, cewa ya yi ya gode. Wai ya yi shahada a gaban jama'a, bayin Allah sun yi masa addu'a da zuciya ɗaya, har da mai sadaka. Ba zai tashi ya ce musu wasa yake ba." Ya zauna a kan benci ya ƙara da cewa, "Har hulata ya karɓa, wai ta yi dauɗa."

To abin da nake so ku riƙe ke nan. Ranar Litinin za a tambaye ku me mutane suka ce, kuma duk abin da kuka faɗa a soron nan, da shi za a yanke wa wani hukunci. Ku faɗi gaskiya, amma ku faɗi wane ne ya ce, sau nawa ya ce, da abin da ya ce makon da ya wuce. In abu ya ɗau zafi ku roƙi darakta ya bari a kwana biyu. Mai sharhi da babban yatsa ɗaya yake rubutu, ɗaya hannun na cikin ledar gyaɗa, kafin magariba ya manta. Wanda aka yi sharhin a kansa shi ke tafiya gida da shi, ya zauna da shi a gaban 'ya'yansa. Ba mugaye ba ne masu kallonmu, na ga alherinsu da idona. Sai dai ba su san abin da suke so ba sai an ɗauke shi, mu kuma muka yi saurin ɗaukewa.

Har yanzu can maigidana yake kai hulunansa. Ya ce duk Asabar, washegarin ɗora sabon kashi, Malam Habu kan tambaye shi ba tare da ya ɗago daga wankin ba, "Alhaji, me Hajiya ta ce mutane sun ce?"